Sau uku na rubuta konkur ɗin likitanci ban samu ba, in sake ko in haƙura?

Abdurrahman, Garwa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, don abin ya tsaya mini a rai. Ina da bak D, wato takardar gama sakandare ta ɓangaren kimiyya, shekaruna 21 yanzu. Sau uku ke nan ina rubuta konkur, wato jarrabawar gasa ta shiga makarantar likitanci a nan Kamaru, sunana bai fito ba. Baba ya ce ya isa haka, in zo mu zauna a shago. Inna kuma ta ce in ƙara sau ɗaya. Ni dai tun ina ƙarami ba ni da wani buri sai wannan. Abin da nake so in sani, wanda ya rubuta sau da yawa ana rage masa daraja ne? Kuma akwai wanda kuka sani da ya samu a karo na huɗu? Don Allah a faɗa mini gaskiya ko da ba daɗi.

Hajiya Maman Sadiya: Wa alaikumus salam. Allah sarki ɗana, Allah ya zaɓa maka mafi alheri. Kada ka bari baƙin ciki ya kama ka.

Malam Isa, Marwa: Wa alaikumus salam Abdurrahman. Fizik nake koyarwa a lise, wato babbar sakandare, kuma duk shekara ina ganin yara irinka. Kafin in ce maka sake ko bari, amsa mini abu uku. Tsakanin rubutu da rubutu me kake yi, kana wata makaranta ne ko kana gida? Yaushe kake fara shiri? Kuma in ka fito daga ɗakin jarrabawa, wace takarda ce kake jin ta kayar da kai?

Abdurrahman, Garwa: Malam, ina gida ne, ina taimakon Baba a kasuwa. Shiri kuma idan an fitar da sanarwa nake farawa sosai, kamar wata biyu kafin rana. Biyoloji ba ni da matsala da ita. Fizik ce ke ba ni wahala, shimi kuma, wato kemistiri, lokaci ne ba ya isata.

Malam Isa, Marwa: To ka ga inda maganar take. Yawan rubutu shi kaɗai ba ya ƙara maka komai, kuma ba shi ne ke kayar da kai ba. Konkur ba kamar bak ba ce. A bak idan ka kai maki goma cikin ashirin ka wuce, ko ku dubu nawa ne. A konkur kujeru ƙidayayyu ne, 'yan ɗaruruwa, masu nema kuma dubbai daga duk faɗin Kamaru, tun da aka mayar da ita jarrabawar ƙasa guda ɗaya a 2013. Jera ku ake yi daga na sama zuwa ƙasa, inda kujeru suka ƙare a ja layi. Kana iya yin ƙoƙari sosai ka tsaya ƙasa da layin kaɗan, kuma a takarda kai da wanda bai rubuta komai ba sunanku ɗaya, ba ku fito ba.

Abin da ke cutar mai maimaitawa shi ne wannan: kowace shekara sabbin yara na fitowa daga taminal, ajin ƙarshe na lise, da karatunsu ɗanye a ka, sun shafe wata tara suna lissafi kullum. Kai kuma wata goma kana auna kaya a shago, sai wata biyu ka buɗe littafi. Kowace shekara nisanka da karatun aji yana ƙaruwa. Biyoloji tana jure wannan don hadda ce da fahimta, amma fizik da shimi hannu suke so, idan ka ajiye su sai su ajiye ka. Duk ɗan D yana jin biyoloji, ba a nan ake rabuwa ba. A fizik da shimi ake rabuwa, inda ka ce kai ma nan ne rauninka. Idan shirin da ka yi sau uku shi za ka sake yi, gara ka ajiye kuɗin dosiye, wato takardun neman shiga jarrabawar, ka ba Inna.

Ɗan Birkitiri: Malam, da girmamawa, amma ku daina wahalar da yaran talakawa. Ni a Yawunde nake zaune, muna gani. Wannan abin sai kana da hanya. Ɗan wane da ɗan wane su ne ke shiga. Abdurrahman ƙanena, ka kama kasuwa tun da wuri, wanda ya riga ka shiga shago da shekara uku yau ya yi aure.

Dokta Habiba, Ngaundere: Ɗan Birkitiri, ban yarda da kai ba, kuma maganarka tana kashe wa yara zuciya. Mahaifina tela ne, bai san kowa ba a Yawunde in ban da masu sayar masa da yadi. Ban samu a karon farko ba, a na biyu na samu. A ajinmu akwai waɗanda suka shiga a karo na uku, har da wanda ya fi haka, kuma wasunsu sun fi mu ƙoƙari a asibiti daga baya. Ban ce ƙasar nan babu son kai ba. Amma idan yaro ya sa a ransa cewa sai da hanya, ranar da zai zauna da littafi ma rabin zuciyarsa ba ta wurin.

Ɗan Birkitiri: Dokta, ke Allah ya ba ki. Mutum ɗaya ba ya zama hujja.

Dokta Habiba, Ngaundere: Ai kai ma ba ka kawo ko mutum ɗaya ba, ji kawai ka ce kana yi.

Bappa Yaya, Gidar: Ku yi haƙuri in shiga. Maganar hanya ɗin nan ita ta cinye wa ƙanina kuɗin shanu biyu. Wani ya zo ya ce yana da mutum a sama, a kawo kuɗi sunan yaro zai fito. Aka ba shi. Suna bai fito ba, wayarsa kuma ba ta sake shiga ba. Su waɗannan mutanen dabararsu ɗaya ce, su karɓa a wurin mutum goma, idan ɗaya ya ci da ƙoƙarinsa su ce aikinsu ne, sauran tara kuma ba su da bakin kai ƙara don su ma sun san abin da suka yi haramun ne. Abdurrahman, duk wanda ya kira ka ya ce zai sa sunanka, ka kashe waya.

Abdurrahman, Garwa: Bappa, wallahi an taɓa yi wa Baba irin wannan maganar bara, ya ce ba zai sayi haram da kuɗin halal ba.

Bappa Yaya, Gidar: Allah ya saka wa mahaifinka da alheri.

Usmanu Kolere: To ni tambayata, ba an ce akwai rabon kujeru tsakanin jihohi ba? Na ɗauka mu 'yan arewa abin ya fi mana sauƙi.

Malam Isa, Marwa: Daidaita jihohi tsohuwar manufa ce a ƙasar nan wajen konkur na gwamnati, tun zamanin shugaba Ahijo. Amma kada yaro ya kwanta a kanta. Ko an ware wa jiharka kujeru, ai ba kai kaɗai ba ne ɗan jihar. Da wa kake takara? Da yaron da asalinsa Benuwe ne ko Diyamare amma a Yawunde ko Duwala ya tashi, ya yi makaranta mai ɗakin gwaji, ya yi wata uku a ajin share fage inda ake ba su tambayoyi ɗari a rana. Takardar haihuwar iyayensa ta arewa ce kamar taka. Yaron da ya fito daga lisen ƙauye, wanda malamin fizik bai zo musu ba sai tsakiyar shekara, ba a gama musu manhaja ba, shi ne abin tausayi, kuma rabon jihohi bai share masa hawaye ba. Wannan abin yana ci mini rai ƙwarai, don na san yaran da kansu ya fi na waɗanda suka shiga, amma ba su taɓa ganin awon asid da idonsu ba sai a zane a allo.

Dokta Habiba, Ngaundere: Abdurrahman, bari in gaya maka abin da na canza tsakanin karo na farko da na biyu, ko zai yi maka amfani. Na daina karanta littafi daga farko zuwa ƙarshe. Na tara tsofaffin tambayoyin shekarun baya, na riƙa zama da agogo a gabana kamar ranar jarrabawa. Tambayoyin na zaɓi ne, amsoshi a jere ka ɗauki ɗaya, don haka sauri shi ne rabin aikin. Wanda ya tsaya yana warware tambaya ɗaya da layi goma kamar a bak, lokaci zai tafi ya bar shi. Duk tambayar da na faɗi sai in rubuta ta a wani littafi daban tare da dalilin faɗuwar: ban san darasin ba ne, ko na sani na yi gaggawa, ko lokaci ne ya ƙare. Bayan wata ɗaya sai na ga kusan duk faɗuwata a babi uku take. Su na bi.

Na biyu, ban zauna a gida ba. Na yi rajista a Dang, a tsangayar kimiyya ta jami'ar Ngaundere. Kuɗin rajista a jami'ar gwamnati sefa 50,000 ne a shekara. Shimin da muka yi a shekarar farko ta sa ta lise ta zama mini wasa. Kuma hankalina ya kwanta, don na san ko ban samu ba shekarata ba ta tafi a banza ba. Shekaru ukun da ka yi a gida, da a fakulte ka yi su, da yanzu lisans, wato digirin farko, kake karɓa. Ba don in sa ka baƙin ciki na faɗa ba, don kada ta huɗu ta bi su ne.

Malam Isa, Marwa: A nan ina da ɗan saɓani da Dokta. Fakulte tana da amfani, amma na ga yara da yawa da ta janye su. Konkur a kan manhajar lise take, ta piramiya da taminal, azuzuwa biyu na ƙarshe. Yaro ya shiga Dang, ga darussa, ga gwaje-gwaje, ga neman ɗaki da abinci, sai ya wayi gari bai taɓa littafin taminal ba har sanarwa ta fito. Idan zai tafi, sai ya yanke wa kansa awa biyu kullum na konkur, ba fashi.

Dokta Habiba, Ngaundere: Na yarda da sharaɗin, Malam. Amma shago ma yana janye mutum, kuma shi ba ya ba da takarda a ƙarshen shekara.

Malam Isa, Marwa: Wannan gaskiya ne.

Sale Mai Waya: Ni dai abin da na sani akwai iyakar shekaru. Idan sun kusa cika masa, ai gyara takardar haihuwa ba wuya, mutane da yawa sun yi.

Adda Zainabu, Marwa: Sale, kada ka koya wa yaro wannan. Ranar haihuwarsa tana kan CEP, tana kan BEPC, tana kan probatuwar, tana kan bak, wato duk takardun jarrabawarsa tun daga firamare. Zai canza su duka ne? Ranar da aka gano, ko yana shekara ta biyar a makarantar ne, korarsa za a yi, kuma magana ce ta kotu. Mutumin da zai riƙe rayukan mutane kuma ya fara da takardar ƙarya?

Sale Mai Waya: Adda, na janye. Tausayinsa ne ya sa na faɗa.

Malam Isa, Marwa: Amma iyakar shekarun gaskiya ce, kuma ita ce abu na farko da za ka duba. Ana rubuta ta a cikin sanarwar da ministan ilimi mai zurfi ke sa wa hannu kowace shekara, tare da sauran sharuɗɗa da ranar rufe karɓar dosiye. Ka nemi ta bana ka karanta da idonka layi bayan layi, kada ka dogara da abin da aka tura a WhatsApp. Ita za ta gaya maka sau nawa ya rage maka, ba mu ba.

Alhaji Musa, Kuseri: Me ya sa dole sai Kamaru? Mu nan gada kawai muke tsallakawa mu shiga Njamena. Akwai tsangayar likitanci a jami'ar Njamena, akwai ta Abeshe, akwai kuma Bon Samaritain a Waliya. Wasu kuma suna tura yaransu Yamai ko Bamako ko Konakiri.

Mahamat Awwal, Njamena: Alhaji, gaisuwa. Ni a nan nake, kuma ina so a san cewa nan ma ba a buɗe ƙofar take ba. 'Yan Cadi kansu suna rububin kujerun, da yawansu ma Kamaru da Nijar da Senegal suke tafiya neman karatu. A da Sudan ce mafitar mutane da yawa, musamman masu Larabci, amma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 yaranmu suka dawo da karatu a katse, wasu suna shekara ta huɗu. Har yau akwai waɗanda ba su samu inda za su ƙarasa ba. Duk wanda zai tura ɗansa waje ya lissafa shekara bakwai, ba shekarar farko kawai ba.

Dokta Habiba, Ngaundere: Bamako kuma a sani, shiga shekarar farko ba shi ne samun kujera ba. A ƙarshen shekarar akwai tacewa mai tsanani, adadi ƙayyadadde ne ke wucewa. Wato konkur ɗin da ka gudu daga gare ta tana jiranka a can, ga kuɗin haya da na abinci a ƙasar mutane. Sannan duk inda mutum ya yi karatu, in zai dawo aiki gida sai an tantance takardarsa a ma'aikatar ilimi mai zurfi, sai kuma ya yi rajista da ƙungiyar likitoci ta ƙasa. A bincika makarantar tun kafin a biya ko sisi.

Usmanu Kolere: Najeriya fa? Yola na nan kusa da mu, ga Maiduguri.

Adda Zainabu, Marwa: Ɗan yayata ya gwada. Sai ka rubuta JAMB, jarrabawar shiga jami'a ta can, da Turanci, kuma likitanci ne ke neman maki mafi yawa a can ma. Yaron da ya yi karatunsa duka da Faransanci sai ya ba da shekara guda ga harshe kawai. Wanda ya yi makarantar Turanci a nan, shi abin ya fi masa sauƙi.

Alhaji Musa, Kuseri: To jami'o'i masu zaman kansu na cikin gida fa, irin ta Bangangte?

Malam Isa, Marwa: Su ma ta wannan jarrabawar ta ƙasa ake bi, Alhaji, ba a shiga da kuɗi kawai. Kuma kuɗinsu maganar miliyan ake yi a shekara, har shekara bakwai.

Abdurrahman, Garwa: Wannan kam ya fi ƙarfin gidanmu, Malam.

Goggo Mairo, Garwa: Tun ɗazu ina karantawa ban ce komai ba. Abdurrahman ɗana, ni anfarmiya ce, wato ma'aikaciyar jinya, na kusa ritaya. Ina so in tambaye ka, likita kake so a kira ka, ko marasa lafiya kake so ka yi wa aiki? Ba zargi ba ne, tambaya ce, kuma kai kaɗai za ka amsa wa kanka. Idan na biyun ne, ƙofofi suna da yawa. Ma'aikatar lafiya tana yin tata konkur ɗin kowace shekara: anfarmiye mai difloma ta ƙasa, ungozoma, ma'aikacin labo. Shekara uku ne, kuma akwai makarantar a nan Garwa, ba sai ka bar gida ba. Ka je kowace cibiyar lafiya ta ƙauye tsakanin nan da Poli ko Tcholire ka ga wanda ke riƙe da ita. Anfarmiye ne. Shi ke karɓar haihuwa da tsakar dare, shi ke sa wa yaro ruwa lokacin zazzaɓin damina, shi ke fita idan kwalara ta ɓulla. Likita yana can asibitin gunduma, wani lokaci shi kaɗai ne ga gari guda.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda iyaye ke ɗaukar wannan aikin kamar na wanda ya faɗi. Na ga yara sun ƙone shekara huɗu, biyar suna jiran likitanci, shekaru suka wuce musu, konkur ɗin anfarmiye ma suka ƙi rubutawa don kada a ce sun gaza. Yau ba su da ko ɗaya. Ban ce ka bar burinka ba. Na ce bana kada ka ajiye dosiye ɗaya tak. Ka ajiye biyu ko uku.

Dokta Habiba, Ngaundere: Goggo ta faɗi gaskiya, kuma duk likitan kirki ya san a hannun anfarmiyoyi ya koyi rabin aikinsa. Sai dai Abdurrahman ya sani, hanyoyi biyu ne daban, kada ya shiga da tunanin bayan shekara uku za a mayar da shi likita. Ya shiga don yana son aikin. A cikin jarrabawar ƙasar kanta ma ba likitanci kaɗai ba ne, akwai harhaɗa magunguna da likitancin haƙori. A arewa likitan haƙori nawa ka sani? Ga kuma makarantar likitan dabbobi a Ngaundere, a yankin da arzikinsa shanu ne.

Hajiya Maman Sadiya: Dokta, ni ma 'yata tana son wannan karatun, bana ta faɗi karo na farko, dangin babanta har sun fara maganar aure. Na ce a bar mini ita. Mu da muke jin nauyin likita namiji ya duba mu, idan ba mu bar 'ya'yanmu mata sun yi ba wa zai yi?

Dokta Habiba, Ngaundere: Hajiya, ki turo mini ita ta akwatin sirri. Kuma yanzu da akwai tsangayar likitanci a Garwa, hujjar nisa ta ragu. Da farko a ƙarƙashin jami'ar Ngaundere take, da aka kafa jami'ar Garwa a Janairun 2022 ta koma can. A zamaninmu sai ka hau jirgin ƙasa ka kwana a hanya zuwa Yawunde, iyaye da yawa a nan suke cewa a'a.

Ɗan Birkitiri: Ni dai har yanzu ina kan bakana. Amma in zai sake, Allah ya ba shi sa'a, ya kunyata ni.

Liman Abubakar: Amin. Ɗana, rabo na Allah ne, amma an umarce mu da riƙon sababi. Ka yi istihara. Kuma kada ka yanke komai a bayan mahaifinka. Mutumin da ya ƙi sayen haram dominka ba maƙiyin karatunka ba ne, tsoro yake ji kada ka tashi babu karatu babu sana'a. Ka je masa da tsari a hannu, ba da kuka ba.

Abdurrahman, Garwa: Na gode ƙwarai iyayena. Daren jiya na zauna da Baba na karanta masa maganganunku. Ya yarda in sake sau ɗaya, da sharaɗin in rubuta ta anfarmiye ma, kuma in yi rajistar fakulte kafin sakamako ya fito. Ya ce daga azahar in bar shago. Dang ɗin ne bai amince ba tukuna saboda kuɗin ɗaki, ya ce in fara duba abin da ake koyarwa a nan Garwa. Malam Isa, ta ina zan fara fizik ɗin? Kuma tsofaffin tambayoyin a ina ake samu?

Adda Zainabu, Marwa: Akwai su a wurin ɗan yayata, na shekaru da dama, wasu da amsoshinsu. Zan ɗauki hotonsu in turo maka yau da dare in wuta ta dawo.

Malam Isa, Marwa: Ka fara da makanik, dokokin Newton da motsin abu a cikin fili, don a kansu sauran suke zaune. Daga nan lantarki. A shimi kuma asid da bas, sai shimin oganik. Amma kafin ka buɗe kowane babi, ka ɗauki takarda ɗaya cikin waɗanda Adda za ta turo, ka sa agogo, ka yi ta ba tare da duba littafi ba, ka turo mini sakamakon yadda ya fito ko da maki uku ne. Ranar Asabar bayan la'asar ina da lokaci, za mu bi ta tambaya bayan tambaya. Hajiya, 'yarki ma ta yi haka ta turo, in haɗa su.